Rabin Murfin Bello

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanena Bello makwancinsa a Bodinga, bayan 'yar gajeruwar jinya. Duk lokacin da aka fara dashen albasa sai ya faɗo mini a rai, domin kusan duk wahalarsa ta duniya a kan albasar mutane ya sha ta, shi da bai taɓa mallakar ko fangali ɗaya ba.

Lissafi ya karanta, ya samu aiki a wani ofishin malaman gona. Ni malamin makaranta ne, ban san komai a kwamfuta ba sai abin da ya cusa mini da ƙarfin tsiya. Ya ce malaman gona kan zagaya gonaki su kawo bayani, manhajar lissafin da yake aiki da ita ta jera lambobi layi-layi, kowane manomi da layinsa: girman gonarsa, kwanakin shukarsa, da yawan maganin feshin da zai zuba a famfo. To amma lamba a cikin kwamfuta ba rubutu ba ce. Kafin ta shiga saƙon waya sai an juya ta ta koma rubutu, kuma mai juyawar ne zai faɗa wa na'ura yadda za ta rubuta ta. Na ce masa wannan ai aikin banza ne, biyar biyar ce ko a ina. Ya yi mini kallon da yakan yi wa wanda ba ya so ya raina a fili.

A shekararsa ta farko ya ga ɗigo zai rikita manomi, sai ya zaɓi umarnin da ke cike kowace lamba ta zama cikakkiya. Niyyarsa mai kyau ce. Amma 0.5, wato rabin murfin kwalbar magani, sai ta fita a saƙo a matsayin 1. Wanda abin ya fi shafa shi ne Kawu Umaru na Lambara, yayan mahaifiyarmu, wanda ya fara ba da lambarsa tun kafin kowa don kawai ɗan 'yar'uwarsa ne. Irinsa ƙanana ne a lokacin. Ya zuba murfi guda, ganyen ya ƙone ƙurmus.

Ni na raka Bello. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya zagaya da mu fangali bayan fangali, sannan ya ce, "Murhi guda anka ce, murhi guda niz zuba. Ku tahi gida, rana ta yi." Bello ya bi manoman Dingyaɗi ya roƙo dashe, ya zo ya dasa da hannunsa. Kawu ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Daga ranar ya daina zancen saƙo, in Bello ya tambaya sai ya ce wayar ba ta da caji.

Abin ya ci Bello ƙwarai, kuma shi ya sauya masa aiki. Ya zauna ya rubuta wa manhajar wani sashe nasa na kansa, wanda ba ya juya lamba zuwa lamba, sai zuwa kalma: rabin murfi, murfi ɗaya da rabi, murfi biyu. In lissafi ya fito da abin da ba ya aunuwa da murfi, saƙon ba zai tafi ba sai mutum ya duba. Ya ajiye murfin kwalba da kofin ruwa a kan teburinsa, ya riƙa aunawa kafin ya aika. Abokan aikinsa suna kiransa mai kemis, ni kuma ina cewa digiri guda ya ƙare a murfin kwalba. Bai damu da mu ba. Abin da yake tambayata duk na dawo daga Shagari ɗaya ne: ko Kawu ya ce wani abu? Har ya rasu amsata ba ta canja ba.

Yau da zai dawo, na san zai yi murna da wayoyin da ke karanta wa mutum saƙo da murya, da matasan da ke tambayar na'ura komai ta ba su amsa nan take. Na kuma san zai ɓata musu rai, domin sai ya tambayi wa ya auna. Na ji an ce masu aikin yanzu sun so cire sashensa saboda yana tsayar da saƙo, sai wata daga cikinsu da ta zauna da shi ta hana. Ban san ranar da za a rinjaye ta ba, kuma hakan yana damuna.

Bara na je Lambara gaishe da Kawu. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma yana bakin fadama. Muna zaune wayarsa ta yi ƙara, ya miƙo mini ya ce, "Karanta min, Bello ya aiko." Na karanta: rabin murfi, da safe, kada a cika. Na ce, Kawu, ashe kana bi? Ya ce tun shekarar da ta biyo bayan ƙunar yake bi, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Na ce to me ya hana ka gaya masa?

Ya daɗe yana kallon albasarsa kafin ya amsa. "Na so in gaya mai. Kullum sai in ce bari a cire albasa tukuna, in kai mai buhu da kaina."

Na yi fushi da tsohon nan a ranar, ba zan ɓoye ba, kuma na tausaya masa fiye da fushin. Bello bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar saƙon da manomi zai karanta ya zuba daidai, da wani dattijo a Lambara da har yanzu yake kiran saƙon da sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama. Buhun da Kawu ya sa aka ɗora mini a mota, gidan matar Bello na kai shi.