Ƙunshi Na Goma Sha Bakwai

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma ban taɓa mantawa da safiyar da na buɗe ƙunshi na goma sha bakwai na ga ƙwaro yana yawo a cikinsa ba. Ku da kuke riƙe da ɗakin iri yanzu, ga na'urar sanyi ga magani a ajiye, ku ji yadda muka yi.

Shekara ta takwas ce da samun ƴancin kai. Ina aiki a wata ma'aikatar binciken noma a nan Yamai. Da tsintsiya na shiga. Sai da na kai shekara talatin da huɗu na fara karatun manya, ƴaƴana suna leƙa kayena, wato littafin rubutuna, suna dariya. Da na iya rubuta kwanan wata da ƴan kalmomin Faransanci, aka karɓe tsintsiyar aka ba ni makullin ɗakin killace iri.

Ga yadda dokar ɗakin take. Duk irin da ya shigo daga wata ƙasa ba takardar lafiya, kwana arba'in zai yi a kulle. Kowace safiya in buɗe, in duba, in rubuta abin da na gani a kaye, in sa hannu. In aka ga ƙwaro mai rai, ana ƙone kayan baki ɗaya. Ba mugunta ba ce. Bango guda ne tsakaninmu da rumbun irin gero da wake da ake raba wa manoma.

A farkon Nuwamba aka kawo mana Dokta Emeka, masanin wake. Ƙasarsu na cikin yaƙi, sai wata ƙungiya ta waje ta ba shi burs, wato tallafin bincike na wata shida. Wata shida cif, daga nan ya koma. Ya ji Hausa sosai, don a arewacin ƙasarsu ya girma. Kayansa riga biyu ne da gwangwanin madara guda. A cikin gwangwanin akwai ƙunshin takarda arba'in da ɗaya, kowane da lambarsa, kowane da wake kamar cikin cokali biyu. Shekara goma ya yi yana bin ƙauyuka yana tara su. Tashar bincikensu ta ƙone, abin da ya fita da shi ke nan. So yake ya shuka su su yi yawa kafin su mutu a takarda.

Kullum yana tsaye a bakin ƙofa kafin in iso, yana jiran ya tambaye ni wakensa.

"Yaya Rabi, ƴaƴana sun kwana lafiya?"

"Ka matsa in wuce, Dokta. Ba a shiga."

Ran kwana na talatin da uku na ga ƙwaron. Ɗaya ne, ɗan mitsitsi, kuma wake uku sun huje. Dokta ya ga hannuna ya tsaya. Ya shigo, abin da bai taɓa yi ba, ya tura ƙofa.

"Murƙushe shi," ya ce a hankali. "Ki rubuta babu komai. Saura kwana bakwai."

"Ƙwan da ya zuba fa? Su ma in rubuta musu babu komai?"

"Wannan daga ƙauyen mahaifiyata na ɗebo shi. Ban san ko akwai sauran mutum a can ba."

Ba zan ce muku zuciyata ba ta motsa ba. Na riƙe bik, alƙalamina, ya fi minti biyar. Amma ni na san ƙwaron wake tun ina yarinya a Damagaram. In ka ɓoye ɗaya yau, bayan wata guda gari za ka tarar a gwangwanin, sannan ya haura bango. Kuma ban sha wahalar koyon rubutu da furfura a kaina don in rubuta ƙarya ba. Na rubuta abin da na gani, na sa hannu.

Ya ce, "Sojoji ba su gama da su ba, ke kin gama."

Na ɗauki kayen na kai wa shugaban sashenmu.

Shef ɗinmu, Malam Hamani, Bazabarme ne mai tsoron takarda. Ya karanta, ya dafe kai, ya ce maganin feshi bai iso daga bakin teku ba, doka kuma a fili take: ranar Juma'a a ƙone. Ni ce kuma mai ƙonewa.

Na ce, "Shef, kai ni wurin Mushe Darakta."

"Rabi, mai muƙaminki ba ta shiga buron darakta."

"To zan tsaya a taga in faɗa, kowa ya ji."

Ya kai ni. Darakta Bature ne, Malam Hamani ke yi mana tafinta. Na ce a ƙone na sha bakwai, sauran arba'in a ba ni. Na bayyana yadda kakata ke aje irin wake: a shanya shi da tsakar rana, a cuɗe shi da tokar murhu tankaɗaɗɗiya, a danna a tulu, a liƙe baki. Ƙwaron da ya ƙyanƙyashe ba ya samun hanyar fita, nan zai mutu. Na ji Malam Hamani yana ta jera kalmomin ban haƙuri.

"Shef, ban ce a yi haƙuri ba. Faɗa masa yadda na faɗa."

Darakta ya tambaya ko an taɓa rubuta wannan dabara a wani littafi. Na ce a'a, amma an ci waken. Ya ce in ƙwaro ya shiga rumbun manoma, wa zai amsa? Na ɗora makullina a kan teburinsa. Na ce a ƙara kwana arba'in. In aka ga mai rai ko ɗaya, a ƙone, ni kuma a sallame ni, ko tsintsiyar kada a maido mini.

Ya dubi makullin. Sannan ya rubuta umarni, ya ce a kai kayan wani ɗaki can bayan gareji, nesa da rumbu.

Da na gaya wa Dokta, bai yi murna ba. Lissafi ya yi da yatsu. Sabon kwana arba'in zai kai mu tsakiyar Janairu, burs kuma zai ƙare ƙarshen Afrilu. Wake na son wata uku. In wani abu ya ƙara tsayawa, zai tafi bai ga kwanso ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a na ƙone na sha bakwai a kasko, yana tsaye. Bai ɗauki minti biyu ba.

Na bi gidajen maƙwabta ina roƙon toka har suka fara tambaya ko sabulu zan dafa. Maimakon tulu na ɗauki kwalaben ɗakin gwaji arba'in, na liƙe bakinsu da kakin zuma, na rubuta wa kowace lambarta. Kwana arba'in Dokta bai ce mini Yaya ba. Madam yake cewa.

Ranar buɗewa Darakta da kansa ya zo. Kwalba bayan kwalba nake zazzagewa a rariya, a kan farar takarda. A ta tara ƙwaro biyu suka faɗo. Malam Hamani ya ja numfashi. Darakta ya taɓa su da bakin allura, ya jira, ya sake taɓawa. Matattu ne. A kwalba shida muka samu irinsu, duk matattu. Har na zazzage ta ƙarshe ba a ga mai rai ko ɗaya ba, sai aka saki irin.

Rani ne, ba ruwan sama, don waɗanda suka tsara burs ɗin ba su tambayi lokacin damina ba. Wani mai lambu a Tondibia ya ba mu gefen filinsa a bakin kogi, muka riƙa ban ruwa da bokiti. Iri talatin da ɗaya suka tsiro, tara ba su tashi ba. Saura kwana shida burs ya ƙare muka yi roro. An rubuta neman ƙarin wata uku, amsa ta zo cewa babu.

Ranar tafiyarsa ya raba waken biyu, ya miƙo mini rabi.

"Kada su sake zama a gwangwani guda," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Yaya Rabi, har yanzu ban yafe miki sha bakwai ba."

"Ban roƙa ba, Dokta. Ka sauka lafiya."

Ya yi dariya, karo na farko tun Disamba. Ban sake jin labarinsa ba, ko bayan yaƙin ya ƙare. Rabin da ya bari na shuka shi kowace damina har na aje aiki.

Abin da na koya ke nan. Baƙon da ya fito daga yaƙi ba wata shida yake kawo muku ba, duk abin da ya rage masa yake kawowa, kuma zai roƙe ku abin da bai kamata ba. Kada ku yi masa ƙarya a kaye, kada kuma ku rubuta gaskiya ku koma ku zauna. In kun shiga ɗakin sanyi, ku duba jerin waken da ke shiryayye na ƙasa. Daga sha shida lamba ta tsallaka zuwa sha takwas. Ba kuskure ba ne. Kada wanda ya gyara.