Me Kamfanin Fata Ya Saya a Wurin Baba?

Shekara goma ke nan da aka fitar da Baba ta zauren gidanmu na Ƙofar Jatau, fitar da ba a dawowa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Na san al'adar irin wannan rubutu ita ce a jero kyawawan halayen mamaci har mai karatu ya ce kai, wannan ai waliyyi ne. Baba yana da nasa, kuma ba kaɗan ba. Sai dai ni, ƴarsa ta fari, tun ina ƙarama aka yi mini shaidar yawan tambaya, har Inna takan ce da tambaya tana da kasuwa da tuni na gina mata bene. To, akwai wata tambaya game da Baba da na daɗe ina juya ta ni kaɗai, yau kuma nake so in juya ta a gaban jama'a.

Kakar siyasar da muke ciki ce ta taso da ita. Soja sun ce za su koma bariki, hotunan ƴan takara sun rufe bangayen birni, kuma da wuya ka buɗe jarida ba ka ga ana taya wani tsohon kwamishina ko tsohon ɗan majalisa murnar zama mai ba da shawara a banki ko a kamfanin gine-gine ba. Sai in tsaya ina kallon hoton, ina cewa a raina: wannan bawan Allah da ko teburin shayi bai taɓa riƙewa ba, wace shawara zai ba banki? Ba raini ne ya sa nake tambaya ba. Na taɓa yi wa mahaifina irin wannan tambayar, a tsakar gidansa.

Baba malamin makaranta ne tun asali, ya daɗe yana hedimasta, har sunan ya bi shi. Da wuya ka shiga ofishin gwamnati a ƙasar Zazzau ba ka tarar da wanda ya sha bulalarsa ba. Da aka kaɗa gangar siyasa a jamhuriya ta biyu, mutanen unguwa suka matsa masa ya tsaya, ya ci, ya tafi majalisar jiha. Da soja suka dawo aka tsare su ana bincike, aka juye shi ciki da bai, ba a sami komai ba sai tsohuwar Fijo da ba ta tashi sai da turi. Ya dawo gida ba kujera ba makaranta, ga iyali, ga marayun ƙaninsa da ya rasu, ga shi lokacin ne ake bin layi a sayi madara da sabulu. Na ga Inna tana auna hatsi da taka-tsantsan ɗin da ban san ta da shi ba.

Ana cikin haka sai ga manajan wani kamfanin sarrafa fata da ke bayan gari ya yi sallama a zaure. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba shari'a na zo yi ba. Ya ce suna son Baba ya zama mai ba su shawara. Aikin ba wuya: jefi-jefi mota za ta zo ta ɗauke shi, a zauna a sha shayi, wani lokaci ya raka manaja wata ma'aikata a gaisa. Albashin kuwa ya ɗara abin da yake samu a majalisa, ga ragon layya, ga asibiti kyauta. Gidanmu ya numfasa, marayu suka koma makaranta, ni ma na yi murna.

Amma halina bai bar ni ba. Wata rana na je gaishe shi, na tarar yana shan hantsi a kan tabarma, sai na ce, "Baba, wai wace shawara kake ba su? Ni dai a sanina, ilminka na fata bai wuce buzun sallarka ba."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Ke dai ba kya gajiya. Su sun san fata, ni kuma na san mutane."

Amsar ta gamsar da ni a lokacin, na tashi na shiga wurin Inna. Ban tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa ba.

Cikin mutanen da Baba ya sani akwai maigidana. Ɗalibinsa ne tun firamare, kuma a lokacin shi ne babban jami'in duba-gari na yankin da kamfanin yake. Kamfanin yana son ya faɗaɗa aiki, ya riƙa sakin ruwan jima cikin wani rafi da masu lambu suke ban ruwa da shi, masu tumatir da latas da albasa. Ba za su iya ba sai maigidana ya sa hannu. Ya je ya duba da idonsa, ya ga ruwan ya yi baƙi, ya ga ƙafafun manoma sun yi ƙuraje. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an haƙa wurin tace ruwan. Suka ce tsada. Suka aiko da buhunan shinkafa gidan aurena, ya sa aka mayar da su a motar da ta kawo su.

Kowa ya san kunyar suruki, amma ta maigidana ta yi fice. A garin da aka san mutanensa da iya gaisuwa, har abokansa dariya suke yi masa. Tun daga bakin lungu yake cire takalmi. Bai taɓa shan ko ruwa a gaban Baba ba. In ya hango shi a hanya, gara ya zaga ta Ƙofar Gayan da su haɗa ido. Malaminsa ne, kuma ya ba shi ƴa, to ina zai kai wannan nauyi?

Ranar da abin ya faru, maigidana da kansa ya ba ni labari. Yana zaune a ofis aka ce yana da baƙi. Ya ɗaga kai sai ya ga Baba a bakin ƙofa, manajan kamfani yana bayansa riƙe da takardu. Bai san lokacin da ya bar kujera ya zube ƙasa ba. Babban jami'i, a ofishinsa, ƙananan ma'aikata suna leƙe, yana durƙushe kansa a sunkuye. Baba bai roƙi komai ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sa albarka. Manaja ne ya ajiye takardun a kan tebur a hankali, ya ce, "Ga ƴar maganar nan tamu, tunda ga Baba ma ya zo da kansa." Suka fita.

Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Da na matsa masa, ya ce, "In na sa hannu, na ci amanar masu lambu, kuma Allah zai tambaye ni. In na ƙi, na kunyata Malam a gaban bare. Ki gaya mini wanda zan zaɓa." Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin Baba ba sai ranar. Gaba kura, baya siyaki, ni kuma ga ni a tsakiya: wancan ubana, wannan uban ƴaƴana.

Suruki da suruki ba sa irin wannan magana baki da baki, don haka washegari na yafa mayafi na tafi gida. Na faɗa wa Baba komai, har da ƙurajen manoma. Ya saurara yana jan carbi. Can ya ce, "Gaisuwa aka ce mu je." Sannan ya ce, "Ki ce masa ya yi aikinsa. In na sake shiga ofishin nan, kada ya tashi daga kujerarsa."

Na kai saƙo ina murna, a zatona an gama. Maigidana ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce, "Ai ko gawata aka zaunar a kujerar nan, in Malam ya shigo sai ta zame ƙasa."

A nan ne tambayata take, kuma a nan ne har yau gidanmu bai zama baki ɗaya ba. Me ya sa Baba bai ajiye aikin ba? Mutumin da yakan gane yaron da ya kwafi jarrabawa daga yadda ya riƙe fensir, a ce bai gane dalilin da ya sa aka zaɓe shi cikin duk dattawan birni ba? Inna, Allah Ya ƙara mata lafiya, ba ta da kwana-kwana. Ta ce ya gane sarai, amma ya dubi bakunan da yake ciyarwa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maigidana kuwa ko a mafarki ba ya yarda a ce Malam ya sani. Ni na fi zaton Baba ya tsaya ne a wani wuri tsakanin sani da rashin sani, wurin da mutumin kirki yake fakewa in yana tsoron abin da zai gani. Ban tambaye shi ba. Karo na farko ke nan da tambaya ta maƙale mini a wuya.

Da mota ta sake kawo Baba ofis, maigidana ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne. Bai sa hannu ba, bai kuma ce a'a ba. Sai ya nemi a canza masa wurin aiki, ko ina ne. Aka tura shi Birnin Gwari. Na bar makarantar ƴan mata da nake koyarwa, muka cire yara daga tasu, muka bar birnin da aka binne cibiyarmu. Wanda ya gaje shi bai daɗe ba ya sa hannu. Bayan haka kuma motar kamfani ta fara jinkiri, daga baya ta daina zuwa gaba ɗaya. Aka aiko wa Baba cewa ana gyare-gyare, za a neme shi. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba a neme shi ba.

Muna can Birnin Gwari Baba ya kwanta ciwo. Da muka iso, da rana tsaka, ya rame har na tsorata. Maigidana ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Tun da aka ɗaura aurenmu Baba bai sake kama sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin gidanku". Ranar sai muka ji ya ce, "Iliyasu." Ya ce, "Matso. Ashe don kai ake biyana, ni ina zaton don ni ne. Na raba ka da garinku. Ka yafe mini." Maigidana kuka kawai yake yi, goshinsa a ƙasa. Inna ta ja hannuna muka fita muka bar su.

To, da Baba zai leƙo yau ya ga jerin masu ba da shawarar nan, me zai ce? Ba na jin zai zage su, don ya san yadda gida yake yin sanyi in kujera ta tafi, ya san kuma ba kowa ne ya shiga da mugun nufi ba. Ina jin irin tambayar aji zai yi musu, yana kallonsu ta saman tabarau: yaushe rabon da a nemi shawarar taka, a kuma bi ta? Wa kake da shi a ma'aikatar da kamfanin yake neman sa hannunta? Ɗalibi ne, ko ƙane, ko wanda ka taɓa samar wa aiki? Mu a nan ba sai an ba jami'i cin hanci ba. Ya isa a shigo masa da wanda ba zai iya haɗa ido da shi ba. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, kunya tana cikin mafi kyawun abin da muka gada, amma ga shi wasu sun gano tana da farashi, kuma ba mai jin kunyar ake biya ba.

Na je bakin rafin nan kwanakin baya don in gani da idona. Lambunan sun ja baya, wasu manoman sun koma haƙa rijiya, wasu sun bar sana'ar. Ba zan ɗora wannan a kan Baba shi kaɗai ba, ba kuma zan wanke shi tas ba, don shi ma bai wanke kansa ba. Ɗalibansa suna tuna hedimasta, mutanen unguwa suna tuna ɗan majalisar da ya dawo da tsohuwar mota. Duk gaskiya ne. Ni abin da na fi riƙewa shi ne dattijon da ya iya buɗe baki ya nemi gafarar surukinsa, abin da ban taɓa jin wani uba ya yi ba a duk faɗin birnin nan.

Gadon da ya bari kuma yana nan a gidana, ina kallonsa. Mun dawo Zariya, maigidana ya yi ritaya, bara muka aurar da babbar ƴarmu ga wani yaro ma'aikacin ofishin filaye. A daminar nan maigidana ya fita, ruwa ya tare shi a kan layin ofishin yaron. Ya shigo gida sharkaf, hula tana ɗiga, yana rawar sanyi. Na ce, "Haba Malam, duk layin nan ba inda za ka fake?"

Ya ce, "Ofishin yaron nan ne kaɗai a buɗe."

Na ce, "To, ba sai ka shiga ba?"

Ya karɓi tawul ya goge fuska, ya ce, "Akwai mutane a gabansa da takardu. In na shiga, tashi zai yi."