Kujerar da ke Gefen Gadon Yaya

Dangi Ba Komai suke ce masa, don ko gidanka ne ya kama da wuta ka kira shi, abin da zai fara faɗa ke nan kafin ya ɗauko bokiti. Mai gyaran firji ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, cike da matattun injina, amma rabin yininsa ba a can yake yi ba. Shi ke kai Inna ganin likita, shi ke raba ƙannensa in sun kaure, shi ke kwaso 'ya'yan autarsu daga makaranta tun da mijinta ya rasu. Ita kuwa Auta, Allah ya shirye ta, ko godiyar ma ta daina yi. Da ya fara ramewa, tsiya ta yi masa: "Yaya, gayu aka fara ne, ana rage tumbi?" Ya yi dariya.

Ranar nan ta je asibiti duba wata abokiyar aikinta, ta ɓata hanya, ta faɗa ɗakin wankin ƙoda. Kowane gado da mai jinya a gefe, wannan na fifita, wancan na gyara filo. Sai gadon ƙarshe. Yayanta ne kwance, an jona hannunsa da inji, kujerar da ke gefensa kuma jakar kayan aikinsa ce a kai.

"Ke wace ce tasa?" in ji wata nas.

"Ƙanwarsa ce."

"Ƙanwa? Ikon Allah! Mu fa mun ɗauka ba shi da kowa. Tun bara yake zuwa shi kaɗai. Kullum roƙonmu yake a sa shi layin safe, wai akwai yaran da zai ɗauko."

Wallahi Auta ta so ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta hana ta ɗaga ido, don duk ɗakin sun ji. Jiya jiyan nan ta yi masa faɗa a waya don ya makara.

Ya buɗe ido, ya gan ta, ya yunƙura zai tashi. "Auta, lafiya? Waye ba lafiya?"

"Haba Yaya! Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ai ba komai. Kowa da abin da ke gabansa."

Ta sauke jakar, ta zauna, hawaye na zuba. Shi kuwa agogon bango yake ta kallo.

"Yau injin ya ja lokaci. An kusa tashin yara."

"Kwanta. Ni zan ɗauko su."

"To, madalla." Sannan ya ce a hankali, don kada nas ta ji, "Kin san ƙofar da suke fitowa?"

Ba ta sani ba.