Ƙofar Da Inna Ta Bari A Katanga

A wannan watan mahaifiyata Rabi, wadda muke kira Inna, ta cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro in ajiye, don me za a ce game da matar da ba ta taɓa riƙe muƙami ba, rayuwarta kaf tsakanin murhu da tabarmar salla? Bana kam dole in rubuta, domin saura ƙiris a toshe abu ɗaya da ta bar mana a gidanmu na Unguwar Sarki, kuma da hannuna a ciki.

Mahaifinmu akawu ne. Daga Zariya aiki ya kawo shi Kaduna, zamanin da garin yake cika da ma'aikata daga kowane lardi, kowa da irin Hausarsa. Ya gina gida da katangar ƙasa, baya da baya da gidan wani tela, Malam Audu, mai ɗinki a kasuwar Kawo. Ƙofarmu tana kallon wani layi, tasu tana kallon wani. Wanda zai je gidansu ta titi sai ya zagaya layi guda, ya haura kwata, ya bi ta gaban masallaci. Inna da matar telan, Iya Ladi, duk amare ne a lokacin, duk suna kulle. Shekara guda suka yi kowa tana jin dakan 'yar'uwarta ta bayan katanga, ba su san fuskar juna ba.

Sai wata damina, tun kafin a haife ni, ruwa ya zubar da wani sashe na katangar daidai bayan madafa. Da aka ɗauke ruwan kowa ta fito duba ɓarna, suka yi ido huɗu. Inna takan ce ranar tuwonta ya ƙone ƙurmus saboda hira. Da Baba ya kawo magini, Inna, wadda ba ta saba yi masa musu ba, ta ce a bar mata wurin. Baba mutumin tsari ne, ya ce gida ba ya zama da giɓi. Aka yi ta jan magana har kwana uku, daga ƙarshe aka daidaita wurin aka kafa ɗan ƙyauren kwano. Sharaɗinta ɗaya, kada a sa masa kwaɗo.

Ta wannan ƙofa muka tashi muka ga ana ciyayya. Inna tana da wata langa mai zanen furanni, murfinta ya ɗan lotsa a gefe. Kullum bayan la'asar langar nan za ta haura da abin da aka girka, ta dawo da abin da aka girka a can. Dokarta biyu: ba ta dawowa wofi, ko da gyaɗa ce cikin tafi, kuma ba ta bi ta titi. Inna ta ce abin da ke tsakanin maƙwabta ba na nunawa a layi ba ne. Akwai lokacin da suka ɓata a kan faɗan yara, mako guda cur ba sa ga maciji, amma langa ba ta fasa zirga-zirga ba. Sai a dangwarar da ita a bakin ƙofa a juya baya. Mu yara har dariya abin yake ba mu, wai ana gaba ana kuma zaɓa wa juna tsoka. Ta wannan ƙofa Iya Ladi ta shigo ta karɓi haihuwata. Ta nan kuma ta shigo ranar da Inna ta cika, ta yi mata wanka.

Ni na dawo gida bayan rasuwar maigidana, na yi jinyar Inna, na ci gaba da zama da 'ya'yana. Ina koyarwa a wata makarantar firamare, don haka ba kullum nake samun girkin rana ba, amma na riƙe ciyayyar gwargwadon hali, a langar dai. Unguwa kuma tana ta sauyawa. Katangar ƙasa ta koma bulo, aka ɗora mata waya mai ƙaya. Gidajen da na san kowane ɗaki a cikinsu aka yanka su shaguna. Malam Audu ya rasu, 'ya'yansa suka yi gini a Katabu kamar yadda yayana Sani ya yi, suka zuba 'yan haya a gidan. Sun yi juyin duniya Iya ta bi su, ta ce a ɗakinta za a ɗauki gawarta. Nakan tambayi kaina abin da Inna za ta ce da ta ga maƙwabcin da ke jin tarinka ta bayan bango yana yi maka ta'aziyya ta waya. Na san dai taɓe baki za ta yi ta ce Allah Ya kyauta.

Shekara uku da suka wuce aka shiga gidanmu da rana tsaka muna makaranta, aka ɗauke tukunyar gas da keken ɗinkin Inna. Babu wanda ya ga ɓarawon, amma kowa ya ce ta baya aka bi, tunda gidan haya kowa shiga yake. Yaya Sani ya zo da kwaɗo. Ba zan ɗora masa laifi ba, ni na karɓa, ni na datse, raina a ɓace saboda keken. Ana gobe za a yi satar na aika wa Iya tuwon shinkafa, don haka langar tana can aka rufe ƙofa. Na ce wa kaina ai ba komai, zan riƙa zagayawa ta titi. Na zagaya sau biyu a watan farko. Daga nan sai da salla, in tsaya a tsaitsaye in ce sauri nake. Iya ba ta taɓa ta da maganar ba, ni kuma na ji daɗin shirun nata. Wallahi ina jin kunyar rubuta wannan.

Bana muka zauna raba gado, ni da Yaya, mu biyu muka rage. Shawararsa mai kyau ce a takarda, ɗan Baba ne sak: a fitar da shaguna ta gaba, a ɗaga katangar baya, a cire ruɓaɓɓen ƙyauren a jera bulo. Ya ce in ɗauki rabona ta bakin titi, da shago guda da zan riƙa samun na cefane, shi ya ɗauki baya ya yi ɗakunan haya. Na amince. Har an sauke yashi, magini ya zo ya auna. Sai na ga bai kamata Iya ta wayi gari ta ji ana jera bulo ba tare da an gaya mata ba, na yafa mayafi na zagaya.

Na same ta a ƙofar ɗakinta, ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saurara har na gama, ta ce gidanku ne, Allah Ya sa alheri. Sai ta lallaɓa ciki ta fito da wani ƙulli a tsohon ɗankwali. Tana kwancewa na ga murfin nan mai lotsawa. Na miƙa hannu zan karɓa, ta janye.

"A'a, Binta. Langar Rabi ba ta taɓa bi ta titi ba. In za ku toshe, ki buɗe mini sau ɗaya in miƙo miki, sai ku jera bulonku."

Wata 'yar haya da ke wanki a gefe ita ta ƙarasa mini. Ta ce duk Juma'a tsohuwa takan zuba wani abu a langar, ko ƙuli-ƙuli ko daddawa, ta dafa bango har bakin ƙyauren, ta tura, ta ji shi gam, ta dawo. Su har sun ɗauka ruɗin tsufa ne. Shekara uku ina gefe guda ina wanke-wanke, wataƙila ma na sha jin motsin ƙyauren na ce iska ce.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Na birkice ɗaki ina neman makulli, babu shi babu dalilinsa. Maginin yana tsakar gida yana kwaɓa siminti, na ce ya kawo guduma. Mutumin da aka ɗauko don ya toshe ƙofa, shi ya fasa kwaɗon. Ƙyauren ya yi tsatsa, sai da muka sa kafaɗa. Iya tana tsaye a ɗaya gefen, ashe ta biyo ƙarar guduma. Ta miƙo langar, da gyaɗa soyayyiya a ciki. Na karɓa na durƙusa a wurin ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Da Yaya ya zo na gaya masa na sauya shawara. Ya ɗauki bakin titi da shagunansa duka, ni a bar mini baya: madafa, ɗakin Inna, da ƙofa. Ya ce ba ni da hankali, wa yake barin shago ya zaɓi bayan gida, kuma in aka sake shigowa fa? Gaskiyarsa ce, tsoron bai tafi ba, ni ma ina da shi. Ya ce Iya ta tsufa, in ta kau wa zan buɗe wa ƙofa? Na ce wanda duk ya shiga ɗakin bayanta, ko daga ina ya fito, zai tarar da langa kafin ya san sunana. Mun yi mako biyu yana fushi. Jiya ya aiko da kafinta da sabon ƙyaure, har da kwaɗo a leda. Na karɓi ƙyauren na mayar masa da kwaɗon.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Inna bayan shekara tara, ba shi da yawa. Keken ɗinkinta ya tafi, zannuwanta an rabar, jikokinta ƙanana ba su san muryarta ba. Amma matar da ba ta fita ko ƙofar gida ta haɗa gida biyu fiye da shekara hamsin da ɗan giɓi a katanga, ni da nake fita kullum na kusa raba su cikin shekara uku. Ba zan sake ba, in Allah Ya yarda. Na gaya wa 'yata Rabi, mai sunan Inna, cewa bayan raina ma kada a sa wa wurin nan kwaɗo.

Yau ɗanwake na yi. Da la'asar na tura ƙyauren, na tarar Iya ta riga ta jawo kujerarta bakin ƙofa. Ta buɗe langar, ta ɗanɗana, ta ce kanwa ta yi yawa, marigayiya Rabi ba haka take yi ba. Na ce gobe zan gyara.