Akofa da Robobin da Aka Taka

Akofa ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tun tana ƙarama a gidanmu na haya da ke unguwar Be, nan Lome, a tsaye take cin tuwo. Ni da nake ɗinki a bakin ƙofa na sha korar ta daga jikin kekena, don sai ta kwance wani abu ta ga cikinsa. Uwarta, wadda muke kira Da Yawa, zoɓo take dafawa ta ɗura a tsofaffin robobin ruwa, ta ɗauka a ka zuwa tasha. Da wannan ta kai 'yar har jami'a.

A shekararta ta biyu aka ce kowane ɗalibi ya kawo dabarar sana'a. Akofa ta shigo tana haki. Wai za ta raba wa gidaje buhu su riƙa tara roba, ranar Asabar ta kwashe a kura ta kai wa masu niƙawa, su kuma gidajen ta ba su sabulu.

"Fo Edem, ɗinka min buhu hamsin."

"Yau?"

"Da jiya na so!"

Na ɗinka ina mita. Sharaɗinta ɗaya ne, a taka kowace roba ta baje kafin a jefa, don buhu ya ci da yawa. Unguwa ta karɓa hannu bibbiyu. Duk lungun da ka bi sai ƙarar roba a ƙarƙashin silifa. Akofa ta ƙara gida talatin, ko gaisuwa a guje take yin ta.

Abin da ba ta lura da shi ba, robobin nan ba duka ne shara ba. Masu kyau, masu murfi, dama uwarta matan unguwa suke ajiye wa, ita da masu sayar da manja da gyaɗa. Yanzu kuwa ga sabulu, wa zai tsaya jiran "na gode"? Babu robar ɗuri, zoɓo ya fara kwana a tukunya yana lalacewa. Da Yawa ta ja min kunne kada in faɗa wa Akofa. Na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Wata Asabar Akofa na tura kura ta bayan kasuwa, ta hango wata mata ta duƙa a bola tana tono da sanda.

"Mama, kawo nan, akwai sabulu!"

Matar ta ɗago. Uwarta ce.

"Dada, me ya hana ki faɗa min?"

"In ce miki me? Malamanki sun ce kin yi ƙoƙari. Matsa, kin tare min hanya."

A ranar Akofa ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana cewa a daina taka masu kyau, a ware su. Kaya ya ragu, masu niƙa suka ce ba za su buɗe sikeli saboda ɗan wannan ba. A makaranta ma dabarar wani aka ɗauka.

Wata rana da la'asar Akofa ta shigo da baho cike da robobi lafiyayyu, ta dire gaban uwarta, ta kasa haɗa ido da ita. Da Yawa ta riƙa buɗe su tana shinshinawa. Ta ware guda ta miƙa mata.

"Wannan kananzir aka zuba mata. Ungo, je ki taka, taki ce. Sauran kuma ɗora min ruwan zafi in wanke su."