Talo-talon da Yaya Ozella Ta Bari Yana Narkewa

Yaya Ozella, ranar Lahadi, ashirin da huɗu ga Nuwamba, 2024, kika tafi kika bar mu, kuma har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta yarda ba. Kin dawo daga coci da rana tsaka, kika zauna a kujerar barandarki, ko hular nan mai fure ba ki cire ba. Maƙwabciyarki ta ɗago miki hannu daga tsallaken titi, ba ki amsa ba. Ita kuwa ta san Ozella Whitfield ba ta barin gaisuwa ta faɗi ƙasa. Da ta tsallako sai ta tarar rai ya yi halinsa.

Likita ya ce zuciya ce. Zuciya kuma? Wace zuciyar? Matar da ta share ganyen tsakar gidanta kaf ranar Asabar, ta kuma rera waƙa a coci da safiyar Lahadi har muryarta tana danne ta kowa? Ni Cleon, ƙanenki, ni mai hawan jini, ni da likitoci suka raba da gishiri, ga ni nan zaune daram. Ke da ko ciwon kai ba ki cika yi ba, ke aka ɗauka. Da aka kira ni, sai da na ce wa mai kiran ya yi kuskuren lamba. Na kashe wayar, ya sake kira, na sake kashewa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ranar Juma'a muka yi magana. Duk wanda ya san ki a nan garinmu Albany ya san kiran nan naki. Da zarar Ranar Godiya ta matso, bikin nan na shekara-shekara da iyali ke taruwa su ci gasasshen talo-talo, sai ki zauna da waya ki bi dangi da 'yan coci ɗaya bayan ɗaya, ba sallama, ba tambayar lafiya, sai dai: “Ka fito da tsuntsun?” Ba kya cewa talo-talo, tsuntsu kike cewa, kamar duk duniya shi kaɗai ne mai fiffike. Idan mutum ya ce bai fito da shi ba tukuna, to ya shiga uku. Sai kin tsaya a kan waya ya je ya ciro shi daga firiza, ya ɗora shi a faranti mai zurfi, ya sa shi can ƙasan firiji don kada ruwansa ya ɗiga a kan abincin mutane. Sai kin ji ƙarar rufe ƙofa kafin ki ajiye wayar.

Mun yi ta yi miki dariya, ni ne ma kan gaba. Ke kuwa ko a jikinki. Kullum maganarki ɗaya ce: ƙanƙara ba ta son gaggawa. Wanda ya ajiye tsuntsu a kan tebur ya kwana, ko ya tsoma shi a ruwan zafi don ya yi sauri, waje zai ruɓe alhali ciki yana nan kamar dutse, kuma ba a gane ɓarnar sai mutane sun fara riƙe ciki.

Ba zan manta shekarar da Dikin Purvis, dattijon cocinmu, ya rasa matarsa ba. Bawan Allah bai taɓa dafa ko ƙwai ba, amma ya rantse shi zai yi wa jikokinsa girkin Ranar Godiya. Ya ajiye talo-talonsa a baranda ya kwana biyu, wai iska ta narkar masa da shi. Kina zuwa kika gani, kika dafe ƙirji kika ce, “Purvis Tolbert! So kake ka kashe min mutane?” Kika sunkuci tsuntsun sai cikin shara, yana tsaye yana kallo, baki buɗe. Kafin ya gama fushi kin dawo da naki, wanda ya kwana a ruwan gishiri, kika gasa masa shi a murhunsa, kika ja masa kunne kada ya gaya wa jikokin ba shi ya yi ba. Mu kuwa a shekarar nan kaza muka ci a gidanki. Na yi mita, kika ce in na ƙara magana ko kazar ba zan samu ba. Jiya Purvis ya zo gaisuwa, sai kuka yake kamar yaro.

Haka kike. Faɗanki da alherinki a kwano ɗaya suke zuwa, mutum bai isa ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba.

Amma akwai ƙanƙarar da ta gagare ki, kuma ita ce ta hana ki barci shekara da shekaru. 'Ya'yanki biyu, Thaddeus da ƙanwarsa Renita, tun rasuwar mahaifinsu ba su ƙara ce wa juna uffan ba. A wurin makokin Renita ta ce masa ita ta yi jinyar uban, shi kuwa ya zo daga can birnin Detroit cin abincin makoki. Shi kuma ya mayar mata da abin da ba zan rubuta a nan ba. Tun daga ranar, in ɗaya zai zo gidanki, ɗaya ba ya zuwa. Sau nawa na ce miki, “Yaya, ki tara su ki haɗa kawunansu ki gwara mana!” Sai ki ce, “Cleon, kai da ruwan zafi.”

A kiran nan na ranar Juma'a, bayan kin tabbatar na fito da nawa, sai kika yi ƙasa da murya kika ce bana in mayar da shi, a gidanki za mu ci. Kin sayi tsuntsun da ya fi kowanne girma a kantin, har sai da ma'aikacinsu ya kai miki shi mota. Kika ce, “Su biyun duk za su zo.”

Na ce, “Kin dai gaya wa kowannensu ɗayan zai zo?”

Kika ce, “Na gaya musu talo-talo zai zo. Ai ban yi ƙarya ba.”

Na ce za ki haɗa yaƙi a kan tebur. Kika yi dariya kika ce sau ɗaya dai kike son ki ga yaran nan sun ci abinci a tebur guda kafin ki mutu. Na ce ki daina zancen banza. Wallahi haka na ce miki, Yaya, zancen banza. Kwana biyu tsakani.

To, sun zo. Mutuwarki ta kawo su kafin talo-talon ya kawo su. Renita ta sauka a gidanki, Thaddeus ya kama ɗaki a otal. A falo ɗaya suke karɓar gaisuwa, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, ni kuma na zama ɗan aike da tsufana. “Kawu, gaya masa fasto ya ce jana'iza ranar Asabar.” “Kawu, gaya mata na ji.” Mutum yana tazarar taku kaɗan da ɗan'uwansa! Na tambayi kowannensu zancen Ranar Godiya. Renita ta ce wace godiya kuma. Thaddeus ya ce shi ana gama binne ki zai kama hanya. Na san in suka rabu a bakin kabarinki a haka, sun rabu ke nan har abada, don ke ce igiyar da ta rage.

Matan coci kuwa suka yi ta shigowa da abinci kamar yadda aka saba, wannan da taliyar cuku, wannan da burodin masara, wannan da kek ɗin dankali, har firiji ya cika maƙil. Da safiyar Laraba na buɗe shi zan ɗauki madara, sai na ga ƙasan nan babu tsuntsun da kika bari yana narkewa. Ashe tun ranar Litinin Thaddeus ya ga wuri ya ƙare, ya ɗauke shi ya mayar firizar gareji. Na je na ɗaga murfi, na ƙwanƙwasa shi, ya amsa mini kamar ƙofa. Abu na ƙarshe da hannunki ya fara a duniya, an mayar da shi baya.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Ni da ba na ɗaga murya, na tsaya a tsakar kicin ɗinki na faɗa wa Thaddeus da Renita duka: yadda kika sayi tsuntsun, da dalilin girmansa, da dabarar da kika yi musu, da abin da kika ce kina son gani kafin ki mutu. Na ce in za su zubar su zubar, amma su sani ba nama suke zubarwa ba. Na gama na zauna ina haki.

Can sai Thaddeus ya tashi ya fita. Na ɗauka otal zai koma. Sai ga shi rungume da tsuntsun, ya wuce banɗaki, ya dire shi a bahon wanka. Muka ji ruwa yana zuba. Jim kaɗan sai ga tururi yana fitowa ta ƙofa.

Yaya, abin da ya biyo baya, da ban gani da idona ba da na ƙaryata. Renita ta zabura kamar an tsikare ta, ta banka ƙofar, ta dafe ƙirji.

“Thaddeus Whitfield! Wa ya ce ka taɓa famfon zafi? Waje ya ruɓe, ciki na dutse! So kake ka kashe min mutane?”

Muryarki ce sak. Har ɗan karkata kan nan naki. Thaddeus ya juyo a firgice, idonsa waje, bakinsa ya riga hankalinsa: “Yi haƙuri, Mama.” Sannan ya ga wadda take tsaye. Ita ma ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta toshe shi da hannu. Suka tsaya suna kallon juna, ruwa yana ta zuba. Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu tun makokin ubansu.

Ita ta fara motsi. Ta kashe na zafi, ta zubar da wanda ya taru, ta duba ledar tsuntsun ba ta huje ba, ta buɗe na sanyi. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Duk rabin awa sai an canza ruwan. Ni ba zan iya ɗaga wannan ƙaton ni kaɗai ba.”

Ya ce, “Ai kin san da gangan ta sayi ƙato.”

Ta ce, “Na sani. Kama ƙafafun.”

Haka suka wuni a bakin bahon nan, mutum mai furfura da ƙanwarsa mai jika, ɗaya a kan bokiti, ɗaya a ƙasa. Da farko shiru, sai dai “ɗaga” da “sauke”. Zuwa azahar na jiyo gardama a kan ruwan gishirin: ita ta ce kina sa ɓawon lemu, shi ya ce ƙarya ne, tafarnuwa ce da jan sukari. Suka kira ni in raba, na ce ni ci kawai na sani. Ashe duk kina sawa. Daga baya muryoyin suka yi ƙasa, na jiyo sunan ubansu, na jiyo kuka, ban san na waye ba. Na ja ƙofar na koma baranda na zauna kusa da kujerarki.

Da la'asar suka tafasa ruwan gishirin, suka bar shi ya huce sarai kamar yadda kike yi, don ba a sa ɗanyen nama a ruwa mai ɗumi. Suka ciro ledar hanta da wuya daga cikin tsuntsun, suka nutsar da shi a babbar kularki, suka danna ƙanƙara har baki. Kular nan hannu biyu gare ta. Na ga sun fito da ita, kowa riƙe da gefe guda, suna tangaɗi, tana ce masa ya tsufa, yana ce mata gajeriya ce shi ya sa ruwa ke zubowa ta wajenta.

Jiya Alhamis mun ci. Gishiri ya ɗan yi yawa, ba zan ɓoye miki ba, kuma na ci har na ƙara, likita ya yi haƙuri. Mun bar kujerarki babu kowa. Da aka zo zagayen faɗin abin da kowa yake godiya a kai, sai muka riƙe hannun juna kawai. Hannun Renita yana cikin na Thaddeus. Abin da kika roƙa ke nan, Yaya, a tebur ɗinki, a ranar da kika sa. Ke kaɗai ce ba ki gani ba, kuma wannan yana ƙona mini rai, ba zan yi ƙaryar cewa na haƙura ba.

Gobe Asabar za mu raka ki. Ubangiji ya ji ƙanki, ya gafarta miki, ya karɓe ki a cikin salamarsa. Ya sāka miki da kowane ciki da kika ciyar da kowane mutum da kika yi wa faɗa don ya zauna lafiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Thaddeus da Renita da 'ya'yansu, da 'yan cocinmu, da Dikin Purvis, da duk wanda wayarsa za ta yi shiru baɗi war haka. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu ma mu cika da kyau.

Saura abu ɗaya da ya kamata ki sani. Ɗazu da safe ina kicin suna wanke kular, na ji Renita ta ce, “Baɗi a gidanka za a yi. Zan kira ka tun ranar Juma'a ka fito da tsuntsun.”

Ya ce, “Kina da lambata?”

Ta ce, “Ba ni da ita.”

Ya goge hannunsa a wando, ya ce ta miƙo wayarta.

Ki huta, Yaya Ozella.

Ƙanenki,
Cleon