Lafiyarta Lau, Na Ce

Shekara arba'in na yi ina dillancin shanu a karar Illela, kuma sana'ar ta raine ni a kan abu biyu. In ka ce ka sallama a gaban mutane, to ka sallama, ko wa zai zo daga baya. Sannan ba ka faɗin aibin dabba sai an tambaye ka, in an tambaya ma ka yi ta kewaye. Da wannan na ci abinci, na aurar da 'ya'ya, na sauke farali. Da shi kuma na cuci jikata.

Uwar yarinyar ita ce ɗiyata ta fari. A gidanmu ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. Haka na ga mahaifina ya yi da yayana, ni ma haka na yi. In ina da magana da ita sai in faɗa wa Hajiya, uwarta, ita ma ta nan take aiko da tata. Ta karanci aikin jinya, ta yi aure a Kaduna. Da mijinta ya rasu ta fita takaba, sai ta dawo gida da yarinya 'yar shekara huɗu, ta samu aikin safe a wani ƙaramin asibiti cikin gari. Hajiya ga ciwon gwiwa, yarinya kuma ta saba da makarantar nazare tun a can, don haka aka shiga nema mata wata.

Yarinyar tana da sikila. An faɗa mini, amma na ɗauki abin kamar mura mai zuwa ta wuce. Ni dai abin da nake gani yarinya ce mai baki. Ranar da suka iso ta ƙare mini kallo ta ce, "Wai kai ne mijin nawa? Ai ba ka da haƙora."

Na ce, "Amarya, su na sayar na haɗa miki lefe."

Ta ce, "A mayar maka da kayanka, na fasa."

Mako biyu ɗiyata tana yawon makarantu da ƙafa. Wata safiya Hajiya ta kawo mini koko ta ce, "Alhaji, ta ce ta samu wata kusa da wurin aikinta. Ɗaki biyu ne da inuwar dogonyaro. Matar da ke da ita ta yarda yarinya ta sha ruwa duk lokacin da ta so, kuma ba za a tsayar da ita a rana ba."

Na bi ta wurin a kan mashin. Katangar ƙasa na gani, da randa a bakin ƙofa, da awaki kwance a gindinta. Ko sauka ban yi ba.

A makon nan ne muna zaune a majalisa bayan la'asar, wani abokina, Alhaji ne mai shigo da kaya daga tsallaken iyaka, ya tsokane ni. Ya gina sabuwar makaranta a kan hanyar Garu, mai fenti da ƙofar ƙarfe da motar ɗaukar yara.

Ya ce, "Na ji an kawo maka jika daga birni. Ina za ka kai 'yar Kaduna in ba wurina ba? Ko makarantar awaki?"

Aka yi dariya. Na ce, "Na ba ka ita."

Ya miƙo hannu kamar muna kara. "Ka sallama?"

Na ce, "Na sallama."

Washegari ɗiyata ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun girmanta. Ta shigo zaure da kanta, ta durƙusa, da takarda a hannu.

"Baba, don Allah a duba wagga takarda. Likitanta ya rubuta, na mayar da ita Hausa a ƙasa."

Na kawar da kai na dubi bango. Na ce, "Tahi ki ba uwarki."

"Baba, Inna ba ta karatu."

"Na riga na yi magana gaban mutane."

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ajiye takardar a bakin tabarma ta ce, "To a ba malamansu," ta fita. Na tura ta aljihun wata riga. Na yi firamare har aji huɗu, ina iya haɗa baƙi in karanta Hausa. Ban buɗe ba.

Ni na kai yarinyar da kaina. Wata budurwa ce ke cika fom a ofis. Ta tambayi shekaru, ta tambayi unguwa, sannan ta ce, "Baba, tana da wata lalura da ya kamata mu sani?"

Har yau ina iya tuna abin da ya zo mini a rai. Ɗiya mace ce, gari ƙarami ne, abin da aka rubuta a takarda yakan fita ya shiga baki. Wata rana masu neman aure za su zo, a ce ai gidan su wane akwai ciwo. Na ce, "Lafiyarta lau."

Da na dawo, Hajiya ta ce ɗiyata na tambaya ko an ba su takardar. Na ce an yi komai. Ta yarda. Ɗiya ba ta bin bayan maganar ubanta ta bincika.

Kwana tara yarinyar ta yi a makarantar. Lokacin bazara ne, irin zafin da ko shanu ba sa son tashi. Dokarsu ita ce a tara gorunan ruwan yara a kan taga sai an fita tara. Ran nan kuma aka tsayar da su a fili suna koyon waƙar tarbar wasu baƙi. Yarinyar ta ce ƙafafunta na ciwo. Malamar ta zaci kukan sabon zuwa ne, ta ce ta zauna ta yi shiru. Motar ta bi unguwa-unguwa tana sauke yara, ita ce ta ƙarshe, bayan azahar. Hajiya ta ce direba ne ya shigo da ita a kafaɗa. Ina kara aka aiko. Kafin in iso gida an wuce da ita Sakkwato.

Likita ya ce jini ya toshe a kai, ɓarin hagu ya shanye. Kwana biyu bayan haka malamar ta biyo mu asibiti, yarinya ce ƙarama ita ma, tana kuka. Ta riƙe hannun ɗiyata ta ce, "Anti, wallahi da mun sani da ba a yi haka ba. An ce mana lafiyarta lau, yana nan a fom."

Ina tsaye a bayansu. Ɗiyata ta ce, "Mi kika ce?" Malamar ta maimaita. Ɗiyata ba ta juyo ta dube ni ba. Ta zare hannunta a hankali ta nufi ɗakin da yarinyar take. A nan, cikin mutane, na kira sunanta, karo na farko tun ranar da aka raɗa mata shi. Ba ta waiwayo ba. Ban san ko ba ta ji ba ne, ko ba ta san sunan a bakina ba.

Ba su dawo Illela ba. Ta kama ɗaki a Sakkwato kusa da asibitin, shekara uku ke nan. In na je takan durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gida, ta kawo abinci, ta koma ciki. Ba ta taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba. Yarinyar tana tafiya tana jan ƙafa, magana na fito mata da ƙyar. In na ce "amarya" sai ta dubi uwarta.

Takardar na karanta ta daga baya. Layi huɗu ne. A ba ta ruwa a kai a kai. Kada ta tsaya a rana. In ta ce wani wuri na ciwo, a yarda da ita. A kira uwarta nan take.

Bara na koma makarantar mai katangar ƙasa, na sauka daga mashin. Da yake gari ƙarami ne, matar ta gane ni, ta tambayi jikin yarinyar. Na lura randar ba a kan kujerar da akan ɗora randa take ba, an binne gindinta a ƙasa, ga moɗa ɗaure da igiya. Na tambayi dalili. Ta ce tun ranar da ɗiyata ta zo duba makarantar ne ita matar ta sauke ta, don yarinyar ta iya ɗiba da kanta, kuma da sauran yaran suka saba sai ta bar ta a nan.